Yadda Ake Adana Tayoyin Kariya a Cikin Jirgin Ruwa Ba Tare da Kashe Kuɗi Mai Yawa Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan madatsar Dadin Kowa ta jihar Gombe da hantsi, lokacin da masunta ke dawowa da kamun dare, masu jigila kuma ke lodin mutane da buhunan hatsi, ya san irin ƙarar da ke tashi idan jirgi ya gogi ɗan'uwansa ko ya daki dutsen gaɓa. Mai kallo zai ji ta ya wuce abinsa, amma mai jirgi ya san abin da take ci masa, domin kowane bugu yana sassauta ƙusa, yana buɗe tsagar da aka toshe da kwalta, idan kuma jirgin na fayiba ne, wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi, yana barin tsagewar da ba ta nuna kanta sai ruwa ya fara tsattsafowa. Maganin wannan sananne ne, wato a rataya wani abu mai laushi a gefen jirgi ya sha bugun a madadinsa. Masu sayo kayan jirgi daga Legas ko Fatakwal suna kiran abin fenda, mu kuwa a nan mafi yawanmu tsohuwar taya muke ɗaurawa, wasu kuma jarka, shi ya sa sunan da ya fi bin baki shi ne taya. A wannan rubutu zan kira shi makari, ko da wane irin abu aka yi shi.

Samun makari ba shi da wuya, tunda babu mai faci a kan hanyar Gombe zuwa Biu da bai tara tsofaffin tayoyi a bayan rumfarsa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an ture jirgi daga gaɓa, lokacin da makarin ya gama aikinsa ya koma kaya. Wasu sukan bar shi a rataye yana jan ruwa, wasu sukan kwance shi su jefa a daɓen jirgi tsakanin ƙafafun fasinja, kuma duka biyun suna da illa. Wanda aka bari a waje yana rage gudu, yana ƙara shan mai, yana feso ruwa a kan mutane, sannan yana iya maƙale raga ko kututturen itacen da ke ƙarƙashin ruwa. Wanda aka jefa ciki kuwa yana tare hanya, yana sa tuntuɓe, igiyarsa tana cukurkuɗewa da ta ƙugiyoyi, kuma idan aka zo sauka ana nemansa ba a samunsa da wuri.

Na ga abin da sakacin nan ke jawowa da idona a jirgin kawuna, wata ranar Afrilu da yamma, hadari ya haɗo daga gabas iska ta fara tashi. An kwance tayar baya an ajiye ta kusa da inji, bakin igiyarta ya zame ya faɗa ruwa ba wanda ya lura, sai kawai muka ji inji ya yi gunji ya mutu. Farfela ta naɗe igiyar tamau. Kawu ya ɗaga injin, ya sunkuya rabin jikinsa a waje yana yanka da wuƙa, iska kuma tana juya jirgin tana ba raƙuman ruwa gefensa, mata biyu da ke tsakiya suna ta salati. Da muka sauka lafiya bai yi faɗa ba, abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ɗana, gobe kafin mu fita kowace taya sai ta sami ɗakinta." Tsarin da zan bayyana a nan daga ranar ya samo asali, kuma ginshiƙinsa ɗaya ne: kowane makari ya zauna daf da inda yake aiki, a ɗaure da igiyarsa, a cikin jirgi, ba a kan hanyar kowa ba.

Mataki na farko: a rage yawa, a zaɓi girman da ya dace

Kafin a yi tunanin wurin ajiya, sai a fara duba ko abin da ake ɗauke da shi bai wuce buƙata ba. Ƙa'idar da masu jiragen ruwa suka saba bi ita ce makari ɗaya ga kowace ƙafa 10 ta tsawon jirgi, kuma kada ya gaza uku a gefen da za a jingina. Wajen kauri kuma ana ba da kamar inci ɗaya ga kowace ƙafa 5. Ke nan jirgi mai ƙafa 25 yana buƙatar makarai uku masu kaurin kusan inci 5 a gefe guda. Idan a wurin da ake tsayawa jirage suna jeruwa kafaɗa da kafaɗa, za a so uku a kowane gefe, shida ke nan. Idan kuwa gefe ɗaya ake jinginawa kullum, huɗu sun isa, uku a bakin aiki ɗaya na ko-ta-kwana.

A ganina tayar Keke Napep ta fi kowace dacewa da ƙananan jiragenmu. Lambar da ke jikinta ita ce 4.00-8, ma'ana faɗinta inci 4 ne, bakinta inci 8, tsayinta gaba ɗaya kuma wajen inci 16, don haka tana da kaurin da zai sha bugu amma ba ta cin wuri. Tayar babur ta fi ta faɗin da'ira, ga ta siririya, sai an haɗa biyu an ɗaure kafin ta yi kaurin kirki. Tayar mota kuwa ba na son ta a ƙaramin jirgi ko kaɗan, domin guda ɗaya tana kai kilo 7 zuwa 10 tun ba ta sha ruwa ba, kuma akwai waya a cikin jikinta wadda idan taya ta cinye take fitowa ta yi tsatsa ta karce jirgi ta yanki hannu. A bar ta a gaɓa, a ɗaure ta a jikin turke ko dutsen da ake jinginawa, can ne take da amfani. Wannan ma wata dabara ce ta rage kaya, domin duk makarin da aka kafa a gaɓar da ake komawa kullum ya sauke wa jirgi nauyin ɗaukarsa.

Jarkar lita 10 mai murfi mai kyau tana yin makari a ruwa mai kwanciya, kuma ba ta da nauyi, sai dai rana tana busar da ita ta fashe ba zato. Makarin roba na shago mai iska ya fi kowanne sauƙin sarrafawa, ga shi ba ya baƙanta fenti, amma yana da tsada kuma ɓarawo yana son sa.

Mataki na biyu: a gyara makarin kansa

Tayar da ba a huda ba tulu ce. Tana ɗibar ruwa duk lokacin da ta nutse, ta shigo da shi cikin jirgi, kuma idan ta kwana da shi sauro ya sami wurin ƙyanƙyasa, alhali mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Saboda haka a rataya tayar a tsaye yadda za ta zauna a jirgi, a yi alama a can ƙasanta, a huda rami uku masu faɗin babban yatsa, sannan a ƙara biyu a kowane kuiɓi domin ruwa ya fita ko an kwantar da ita. Ana yin hujin da rodi mai zafi, amma a yi shi a fili, a tsaya ta inda iska ke fitowa, domin hayaƙin roba yana cutar da ƙirji. A sama kuma a huda rami biyu kusa da juna inda igiya za ta shiga ta fito. Zura igiya ta cikin huji ya fi zagaya ta a jikin taya, saboda wadda aka zagaya ita ce ke shan gugar dutse, kuma taya tana juyawa a cikinta har ramukan tsiyayar ruwa su koma sama.

Idan jirgin na fayiba ne ko mai farin fenti, a yi wa tayar riga da tsohon tamfol ko buhu mai kauri, a ɗinke da zaren buhu, a bar ƙasan a buɗe.

Sai igiya. A nemi ta nailan mai kaurin ƙaramin yatsa, wato milimita 8 zuwa 10. Shuɗiyar igiyar nan mai arha da ake shanya da ita tana yawo a saman ruwa, wannan kam alheri ne, amma rana tana cinye ta cikin ɗan lokaci har ta riƙa zubar da gari a hannu, kuma ƙulli ba ya zama a jikinta sosai saboda santsi. Wanda ƙarfinsa bai kai ga nailan ba ya yi amfani da ita, amma ya sa a ransa zai riƙa sauyawa akai-akai. A ƙona bakin kowace igiya da ashana a murza shi da tsumma don kada ya warware. Batun tsawo kuwa kada a yi wasa da shi. A auna daga inda za a ɗaure makarin baya zuwa farfela, a tabbata igiyar, ko da ta kwance gaba ɗaya daga jikin taya ta bi ruwa, ba za ta kai can ba. A yawancin jiragenmu ƙafa uku zuwa huɗu ta wadatar, abin da ya ƙaru a yanke shi.

Mataki na uku: a karanci cikin jirgi

A sami lokacin da jirgi yake fanko, a shiga a zauna a kowane benci, a tashi a taka daga goshi zuwa baya kamar fasinja, sannan a sake takawa kamar mai ɗauke da kwandon kifi a ka. Duk inda ƙafa ta taka ko gwiwa ta goga, ba wurin makari ba ne. Akwai wurare huɗu da ba a taɓawa: inda ake kwarfe ruwa, wanda shi ne mafi zurfi a daɓen jirgi, kewayen inji da tankin mai, goshin da mutane ke shiga da fita, da inda rigunan ruwa suke. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, tana nanata cewa kowane fasinja ya sa rigar ruwa, kuma ko babu hukuma, hankali ba zai yarda a danne rigar ceton rai da taya ba. A nan ya kamata in faɗa a fili cewa jarka ko makarin iska ba ya maye gurbin riga, ko da yake yana iya taimakon wanda ya faɗa ruwa idan an jefa masa.

Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne bangon jirgi ta ciki, tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari, wato katakan da ke tsaye suna riƙe da bangon, da ƙarƙashin benci daga gefe. Nan ne gidan makari. A raba nauyin daidai, abin da ke dama ya zama shi ne a hagu, kuma a ajiye shi ƙasa-ƙasa, domin duk nauyin da ya hau sama yana ƙara wa jirgi tangaɗi. Kada a tara su a baya, tunda inji da tanki da matuƙi sun riga sun danne wajen.

Mataki na huɗu: juyawa ciki da ɗamara

Wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita, kuma kayan aikinta ba su wuce tsohon tiyub, ɗan katako, guntuwar igiya, da noti da sukuru da wosha ba. Manufarta ita ce kada a kwance makari daga jirgi sam. Igiyarsa tana ɗaure a wuri ɗaya dindindin, idan za a jingina a ɗaga shi a sauke waje, idan an tashi a ɗago shi a sauke ciki, ɗamara ta riƙe shi a jikin bango.

Da farko a zaɓi maɗauri uku a kowane gefe. Ɗaya ya kasance a inda jirgi ya fi faɗi, domin nan ne yake fara taɓa gaɓa, sauran biyun kuma gaba da bayansa da tazarar da ta yi daidai. A jirgin katako maɗauri mafi ƙarfi shi ne kan haƙarƙari, kusa da leɓen jirgi ta ciki. A huda shi a zura guntuwar igiya a yi zobe, ko a ɗaura ƙarfe mai ido da noti. Kada a dogara da ƙusa, domin jan da makari ke yi idan jirgi yana hawa da sauka zai zare ta a hankali. A jirgin fayiba a huda leɓen sama kaɗai inda ya fi kauri, a sa noti mai ratsawa, a tare shi ta baya da babbar wosha ko guntun katako, a cike ramin da gam mai hana ruwa. Ƙarfen ya zama wanda ba ya tsatsa ko wanda aka yi wa rufin tutiya. Ko da wasa kada a yi huji a ƙasa da inda ruwa ke kaiwa.

Bayan haka a daidaita tsawon rataya, kuma a yi wannan jirgi yana ɗauke da irin lodin da ya saba ɗauka. A sauke makarin waje har tsakiyarsa ta yi daidai da wurin da jirgi ke gogar gaɓa, ƙasansa kuma ya ɗara ruwa da faɗin tafin hannu. A ɗaure a nan, sannan a juyo da shi ciki a ga inda ya tsaya. Idan ya rataya a jikin bango bai taɓa daɓe ba, an dace. Sau da yawa za a tarar ya sauka har ƙasa ya kwanta, musamman a jirgi marar zurfi. Maganinsa shi ne a yi ɗan zobe a jikin igiyar daf da taya, a kafa maratayi na katako ƙarƙashin leɓen jirgi, idan an juyo da taya ciki sai a saƙala zoben a maratayin, ta ɗago sama ta manne. Maratayin ya zama mai dunƙulallen kai, yana kallon sama, kuma a ɓoye yake ƙarƙashin leɓe yadda ba zai kama rigar mutum ko raga ba.

Yanzu sai ɗamara, wadda ita ce ke hana makari lilo da buga bango. A yanko tiyub na mota a tsaye, faɗin yatsa biyu. A auna tazarar da ke tsakanin haƙarƙari biyun da taya ta zauna a tsakiyarsu, a bi ta kan cikin tayar, sannan a yanke robar ta gaza wannan awo da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, domin sai ta miƙe take kamawa. A ninka baki ɗaya sau biyu a danne shi da sukuru da wosha a jikin haƙarƙari na farko. Woshar tana da muhimmanci, idan babu ita kan sukurun zai yaga robar cikin kwana kaɗan. A ɗaya bakin a ɗaura ɗan katako mai tsawon yatsa, a jikin haƙarƙari na biyu kuma a yi zoben igiya wanda katakon zai shiga ya gicciye, kamar maɓallin riga. Na fi son wannan a kan ƙugiyar ƙarfe saboda dalili ɗaya: roba idan ta kuɓuce daga hannu tana dawowa da ƙarfi, kuma ƙugiyar ƙarfe a bakinta tana iya fasa ido.

A gwada da hannu ɗaya. Idan mutum zai iya cire maɓalli, ya zare zobe daga maratayi, ya sauke taya waje, alhali ɗaya hannunsa yana riƙe da leɓen jirgi, to aiki ya yi. Idan sai ya sa hannu biyu, a sassauta robar ko a sauya wurin maratayi, domin ranar da iska ke kaɗawa ba wanda zai saki jirgi ya yi kokawa da ɗamara.

Ƙaramin kwale-kwale wanda bangonsa bai kai tsayin tayar Keke ba, sai a kwantar da tayar ƙarƙashin benci daga gefe, a ɗora ta a kan 'yan katakai biyu domin ruwan daɓe ya wuce ta ƙarƙashinta, a ɗaure ta da ɗamara a ƙafar bencin.

Idan makarin na shago ne

Masu manyan jiragen shaƙatawa suna sayen kwandon ƙarfe marar tsatsa da ake ɗaurawa a jikin ƙarfen dafawa da ke gefen jirgi, a tsayar da makarai a ciki. Abu ne mai kyau, amma kuɗinsa zai sayi mai na tafiya da yawa, kuma jarkar man gyaɗa mai lita 25 tana yin aikin. A wanke ta da omo da ruwan zafi har maiƙo ya fita, a yanke samanta daga kafaɗa da zarto, a huda gindinta wuri shida ko takwas. Bakin da aka yanka yana da kaifi, don haka a tsaga tsohon tiyo a tsaye a sa masa a matsayin leɓe, a ɗinke da siririyar igiya. Jarka ɗaya takan ɗauki makarai biyu masu kaurin inci 5 a tsaye, amma a gwada da na hannu kafin a yanka, tunda jarkoki sun bambanta. A ɗaure ta a wuri biyu, sama da ƙasa, a jikin ƙafar benci ko haƙarƙari, idan aka ɗaure wuri ɗaya za ta riƙa juyawa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi a bar ta, domin fetur yana lalata robar makari, maganin feshi kuma ba a haɗa shi da jirgin da ke ɗaukar kifi.

Wanda yake son abin ya fi tsari ya nemi guntun bututun roba na masu aikin famfo mai faɗin inci 6, irin ragowar da ake samu a wurin gini. A yanka shi tsawon ƙafa ɗaya da ɗan ɗori, a huda ramuka huɗu kusa da gindi a gicciya igiya ta zama mazauni, a ɗaure shi a tsaye. Kowane bututu makari ɗaya. A shafa masa fenti, domin rana tana sa irin wannan roba ta yi gautsi. A duka hanyoyin biyu, igiyar makari ta ci gaba da zama a ɗaure a maɗaurinta idan mazubin yana kusa. Idan yana nesa, a naɗe igiyar a cusa ta cikin mazubin tare da makarin, kada a bar ko taƙi ɗaya yana reto.

Akwai kuma jakar raga, wadda ta dace da makarin ko-ta-kwana da jarkoki. A yanko tsohuwar raga mai kaurin zare, a zagaye bakinta da igiya, a ɗaure kusurwoyinta huɗu ƙarƙashin benci ta zama kamar ƙaramin lilo. Iska tana ratsa ta, ruwa ba ya kwana. Siririyar ragar nan mai kama da gashi ba ta yi ba, tana kama yatsun ƙafa da maɓallan riga.

Ɗauri

Ɗauri biyu sun isa. Na farko shi ne na dindindin, wanda ake yi a zoben maɗauri: a zagaya igiya sau biyu cikakku a cikin zoben, sannan a kawo bakinta a yi rabin ƙulli a jikin doguwar igiyar, a ƙara wani rabin a bayansa ta fuska ɗaya. Zagaye biyun ne ke ɗaukar nauyi, shi ya sa ko an ja shi da ƙarfi yana kwantuwa idan an so. Na biyu shi ne na wucin gadi, idan an je baƙuwar gaɓa ana son a matsar da makari zuwa wani wuri: a zagaya igiya a kan sanda ko benci, a haye ta kan kanta a sake zagayawa, a cusa bakin ƙarƙashin zagaye na biyu a ja. Yana saurin ɗauruwa kuma ana iya ɗaga shi ko sauke shi ba tare da an kwance ba, sai dai yana sassautawa idan jirgi ya daɗe yana rawa, don haka a ƙara masa rabin ƙulli idan za a bar jirgin. A guji zarge, a kuma guji tara ƙulli a kan ƙulli, domin igiya idan ta jiƙe ta cije sai wuƙa.

Sabo da kulawa

Tsari ba ya aiki sai an san wanda ke da alhakinsa. A jirgin kawuna yaron jirgi ne, kuma doka ce ba a ƙara wa inji wuta sai ya ce, "Baba, sun shigo duka." Haka nan idan an doso gaɓa, tun da sauran tazara ake rage gudu a sauke makarai, ba sai an zo daf ana gaggawa ba. A gargaɗi fasinja kada kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da gaɓa da niyyar tarewa, aikin makari ke nan, kuma jirgi mai lodi yana murƙushe yatsu ko a hankali yake tafiya.

Tun da aka kammala madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola a 1984, masu jirgi a nan suka san ruwan yana da fuska biyu. Yakan cika ya haura a ƙarshen damina, ya ja baya sosai da rani, kuma gaɓar da ake jinginawa a watan Satumba ba ita ce ta watan Maris ba. Inda da laka ce mai laushi yana iya zama dutse, tsayin da makari ke buƙata kuma ya sauya. Saboda haka a sake duba tsawon rataya duk lokacin da aka sauya matsaya.

Zafin Maris da Afrilu, wanda kan kai digiri 40 a Gombe, shi ne babban abokin gabar roba. Ɗamarar tiyub takan tsattsage, don haka a yanka guda biyu ko uku na ajiya a sa a cikin akwatin kayan inji, a riƙa miƙa ta ana dubawa, da an ga tsaga a sauya. Makarin iska kuma kada a cika shi tam. Iskar da yake buƙata ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ta tayar mota ba, don haka famfon keke ya ishe shi, injin mai faci yana iya fasa shi. Gwajinsa shi ne a danna da babban yatsa ya lotsa kaɗan. Wanda aka cika da sanyin asuba zai kumbura da azahar, idan ya yi tauri kamar dutse a rage masa.

Sau ɗaya a mako a fito da makarai duka a wanke su da omo da burushi, a cire ɓawon kifi da yashin da ya maƙale, domin yashi a jikin makari yana cin fenti kamar sanfefa. Kada a goge na shago da fetur ko tinar tsinka fenti. A tsokane ramukan tsiyaya da tsinke, laka tana toshe su. A bi igiya da yatsu daga farko zuwa ƙarshe, musamman inda take hawa kan leɓen jirgi, nan ne take fara cinyewa. Guntun tiyo da aka zura wa igiyar a daidai wurin yana ƙara mata kwana sosai.

Idan jirgi zai kwana a gaɓa cikin sauran jirage, makaran taya su kwana a waje suna aiki. Na shago kuwa a kwance su a tafi da su gida a buhu, tayoyin da aka kafa a gaɓa su karɓi aikin dare, kuma a rubuta sunan jirgi a jikin kowanne da fenti. Da safe, kafin a sa hannu cikin kowace taya da ta kwana a bakin ruwa, a fara buga ta da filafili sau biyu ko uku, domin kunama da maciji suna son irin wannan maɓoya.